Gadon da Muka Juya

A Achao ruwan sama ba ya sallama,
shigowa yake kamar ɗan gida.
Wata Laraba ya rako Nélida Barría
har bakin ɗakin awo,
cikinta wata biyar, rigar sanyi a ɗaure har wuya.

Na ce ta hau gado. Ta dubi gadon
kamar wadda aka nuna wa rijiyar da ta taɓa faɗawa.
Shekara ashirin da shida ina karɓar haihuwa,
hannuna ya saba riga bakina isa.
Ranar sai na zauna a kan hannuwana.

Ba mu yi awo ba. Shayi muka sha.
Ta ce kwale-kwalen mijinta yana yoyo,
ta ce dankali ya yi tsada bana.
Sai da ta miƙe tana laluben laima
ta faɗa wa bango, ba ni ba:
"Shekarata takwas. A rumbun itace. Na gida ne."
Ban nemi sunansa ba.
Na ce, "Na ji. Na kuma yarda da ke."

Da mako ya zagayo ni da mai shara muka ja gadon,
ƙafafunsa na kuka a kan katako,
har ya fuskanci ƙofa.
Daga nan ba taɓawa sai da izini:
tafina da sanyi, nan zan ɗora, in ɗora?
Wata rana e. Wata rana a'a.
A'ar nan da hannu biyu nake karɓarta,
bashi ne da ta daɗe tana bin duniya.

Naƙuda ta zo daren da iska ta ɗaure jirgin fito.
Ta ƙi kwanciya. To, kada ta kwanta.
Ta riƙe ƙarfen taga, Eliseo yana inda take ganinsa,
ba a bayanta ba, tun tuni muka gama wannan magana.
Can tsakar dare idanunta suka yi tafiya,
jiki yana nan, mai jiki ta koma rumbu.
Na sassauta murya: Nélida, nan Achao ne,
shekarunki talatin da ɗaya,
fitilu nawa kike hangowa a bakin teku?
Shiru.
"Huɗu."
Shiru.
"Biyar. Ɗaya tana ƙyaftawa."
Da ƙafarta ta dawo, ba wanda ya jawo ta.

Da asuba na ce, "Mace ce."
Kukan da ta yi ba murna ce zalla ba,
ban kuwa ce ta share hawaye ba.

Kwana tara tana tsoron hannunta.
Ni na riƙe kan Ilda, ita ta zuba ruwa,
washegari ta riƙe, na zuba,
rana ta uku na tsaya a ƙofa ina ninke tawul.
Akwai daren da ƙirjinta ya ƙi ɗaukar bakin jaririya.
Na dama madara na miƙa mata kwalba:
uwa ba a nono kaɗai take ba.
Ran Alhamis takan haye ruwa zuwa Castro,
inda mata shida ke zama a wani bene
suna kwance abin da ya fi ƙarfin shayina.

Bara a kasuwa, kifi na ɗiga a jakata,
na ga wani dattijo ya duƙa zai sumbaci Ilda.
Yarinyar ta kau da kai.
Ya yi dariya, ya ƙara matsowa.
"Ta ce a'a," in ji Nélida.
Muryar na rawa, amma ta fito,
har mai sayar da ulu ta ɗago.

Gadon yana nan yadda muka bar shi.
Sababbin ma'aikata kan tambaye ni dalili.
Nakan ce ta nan haske ya fi shigowa.